Taron Masu Ƙananan Tirelolin Kwana a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara jan 'yar tirelata zuwa tarukan ƙarshen mako, 'yan'uwa a masallacinmu da kuma mutanen gida da ke ganin hotuna a waya suke ta jefo mini tambayoyi, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da na gani da idona a jihohin tsakiyar Amurka, musamman Mishigan da Ohayo, shi na rubuta.

Wace irin tirela ake nufi? Irin mai ɗaukar siminti?

A'a. Ɗan ɗaki ne mai taya biyu wanda ake maƙalawa a bayan mota a ja shi. A ciki akwai gado, da ɗan teburi, da murhun gas, wani lokaci da ƙaramin firji. Waɗanda ake kira ƙanana yawanci tsawonsu ƙafa 8 zuwa 17 ne.

Iri biyu suka fi yawa a tarukan da nake zuwa. Na farko shi ne mai siffar ɗigon hawaye: faɗi daga gaba, ya tsuke daga baya. Cikinsa katifa ce kawai ta mutum biyu, ba a iya miƙewa tsaye, kicin ɗin kuma yana waje, sai an ɗaga murfin baya kamar but ɗin mota. Na biyu shi ne na faiba, wanda masu shi ke kira ƙwai saboda kamanninsa. Ɓari biyu ake zubawa, na sama da na ƙasa, a haɗa su a tsakiya kamar an kife ƙwarya a kan ƙwarya. Scamp da ake ƙerawa a garin Backus na jihar Minesota, da Casita ta garin Rice a Tekzas, da tsohuwar Boler ta Kanada, duk wannan dangin ne. Tawa ƙwai ce mai ƙafa 13, kuma ta girmi babban ɗana da shekaru masu yawa.

To me ake yi a wurin har kwana biyu?

Ranar Juma'a da rana ake fara isowa. Kana shiga da tirela za ka ga mutane sun tashi daga kujerunsu suna ɗaga maka hannu, wani ya zo ya tsaya yana nuna maka inda za ka karya kan mota. Kafin ka gama daidaita tirelar an tambaye ka sunanka, da shekarar da aka ƙera ta, da inda ka samo ta. Da dare a hura wuta a tsakiyar fili, kowa ya jawo kujerarsa.

Asabar ce ranar taron. Da hantsi ake yin abin da ya fi komai jan mutane, wato buɗe ƙofa: kowa ya share tirelarsa, ya gyara shimfiɗa, ya bar ƙofa a buɗe, jama'a su riƙa zagayawa suna leƙawa. A nan ake koyon aiki. Wannan zai nuna maka yadda ya ɗora farantin sola a rufi, waccan tsohuwa ta nuna maka labulen da ta ɗinka da hannunta, wani dattijo ya durƙusa a ƙasa ya haska maka tocila ka ga inda ƙarfen ƙasa ke fara tsagewa a irin tirelarka. Ban taɓa jin wanda ya ce a biya shi ba. Wasu tarukan suna ware awa ɗaya ta ƙaramar kasuwa, kowa ya baza tarkacen da ba ya buƙata, fitila ko marfin taga ko tsohon famfo. Da yamma a yi ciyayya. Lahadi da safe a sha shayi ko kofi tare, a yi sallama.

Abin da ya riƙe ni a harkar nan shi ne wannan. Na yi shekaru a unguwa guda a Amurka ban san sunan maƙwabcina na uku ba. Mutum ya dawo aiki, ƙofar gareji ta buɗe da kanta, ta rufe a bayansa, shi ke nan. Amma tirela mai ƙafa 13 ba ta zaunuwa da rana. Ƙanƙantarta ce ke koro ka waje, ka kafa kujera a bakin ƙofa, mai wucewa ya tsaya ku gaisa, hira ta ɓarke. Ranar da na fara zama a haka, majalisar ƙofar gidanmu bayan la'asar ce ta faɗo mini a rai, har na ji ƙwalla. Masu manyan motocin kwana masu talabijin uku da na'urar sanyaya ɗaki ba su cika samun wannan ba, don ba abin da zai fito da su.

Yaushe aka fara wannan al'ada?

Ta haura shekara ɗari. A 1919 wasu matafiya suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a dandalin Desoto da ke birnin Tampa na jihar Fulorida. Sunan yana nufin 'yan yawon gwangwani, don abincin gwangwani suke ɗumamawa a bakin hanya, har sukan liƙa gwangwani a murfin lagireton mota don su gane juna. Ƙungiyar ta dusashe daga baya, sai aka farfaɗo da ita a 1998 a Camp Dearborn da ke Milford a Mishigan, kuma har yanzu masu tsofaffin tireloli suna haɗuwa a can.

Mai siffar ɗigon hawaye ta yaɗu a shekarun 1930, lokacin da mujallun masu aikin hannu ke buga zanen yadda mutum zai ƙera ta a gidansa da falankin katako mai ƙafa 4 da 8. Bayan yaƙin duniya na biyu aka samu rarar alminiyon na jiragen sama, masu ƙira suka yi ta lulluɓe su da shi. Ƙwai kuwa Ray Olecko ne ya fito da Boler a birnin Winnipeg a 1968, kuma a 2018 ɗaruruwan masu irinta suka taru a birnin don cikarta shekara 50.

Dole sai ina da tirela kafin in je?

Ba dole ba ne, amma ka tambayi mai shirya taron tukuna. Da yawa suna karɓar mai tanti, kuma kusan duka suna maraba da wanda zai zo ranar Asabar ya zagaya ya koma gida. Ni shawarata ma kada ka sayi komai sai ka je sau ɗaya ka shiga tirela biyar ko shida, ka kwanta a gadon in mai ita ya yarda, ka ga ko ƙafarka za ta miƙe. Gani ya kori ji.

Yaya ake kama wuri?

Yawancin tarukan ba kamfani ke shirya su ba. Mutum ɗaya ne ko miji da mata za su sanar a zauren masu irin tirelar a Facebook cewa ga rana, ga wuri, ga ɓangaren da za a sauka. Daga nan kowa ya je ya kama filinsa da kansa ya biya. In wurin na gwamnatin tarayya ne, ta shafin Recreation.gov ake kamawa. In na jiha ne, kowace jiha da nata shafin. Wurare da yawa suna buɗe rajista wata 6 kafin ranar, kuma filaye masu kyau na bakin ruwa sukan ƙare a safiyar da aka buɗe. Tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Satumba ne cunkoso ya fi yawa.

A wuraren jiha da na sauka, fili mai wutar lantarki yakan kama dala 30 zuwa 50 a dare, ban da kuɗin shiga na mota a jihohin da ake karɓarsa. Bayan ka kama, ka aika wa mai shiri lambar filinka don ya sa ka a lissafi.

Ƙaramar motata za ta iya ja? Sai na sake lasisi?

Lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa ga irin wannan tirela. Ita dai tirelar tana buƙatar rajista da lambarta, kuma ka sanar da kamfanin inshorarka.

Batun mota kuwa, kada ka bi ta bakin mai sayarwa ko aboki. Buɗe littafin motarka ka nemo nauyin da aka yarda ta ja. Ƙwai mai ƙafa 13 in an loda mata kaya da ruwa da tukunyar gas takan kai kilo 700 zuwa 900, fiye da abin da aka rubuta a takardar kamfani, don wancan nauyinta ne babu komai a ciki. Sannan akwai nauyin da ke sauka a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, wanda ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. In ya gaza haka, wato ka tara kaya a baya, tirela za ta fara rangaji a kan babbar hanya, musamman in babbar mota ta wuce ka. In hakan ta faru kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, gudu ya ragu da kansa, ka sauka gefe ka mayar da kaya gaba.

Ƙwallon ma girma-girma ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Na farko da na biyu ido ba ya bambanta su, kuma bakin tirela mai inci 2 zai zauna a kan ƙaramin kamar lafiya lau, sai an faɗa rami ya tsinke. Lambar tana rubuce a kan ƙarfen, ka karanta. Dokar birki da ta gudu sun bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya, alal misali, mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a awa.

Me zan duba kafin in kama hanya?

Taya da boris su ne kan gaba. Tayar tirela ba ta cika suɗewa ba, tsufa ke kashe ta tana tsaye a rana. A gefenta akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara 6 ni canjawa nake yi ko da zanenta na nan raɗau, har da safaya. Boris kuma a sa masa giris duk shekara. In ka tsaya shan mai ka taɓa tsakiyar ƙafar da bayan hannu. Ɗumi ba komai, amma zafin da ba ya taɓuwa alama ce ta matsala.

Sai sarƙoƙi biyu na tsaro, a gicciye su ƙarƙashin mahaɗar. A gwada sigina da fitilar birki, wani na tsaye a baya yana gani. A kulle tagogi da murfin rufi, a rufe gas. Kada ka manta da waigi. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaren mota yana dirowa da katako a hawan tudu ya san amfaninsa, kuma a nan ma sai ka sa shi kafin ka cire tirela daga mota.

Ban iya ribas da tirela ba. Ba za a yi mini dariya ba?

Ƙaramar tirela ta fi babba wuyar ribas, don nan da nan take karyewa, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Riƙe sitiyari daga ƙasa; inda hannunka ya nufa, can bayan tirelar zai nufa. Tafi a hankali, in ta karkace ka yi gaba ka sake. Ka gwada a filin ajiye motoci da ba kowa kafin ranar. Mai ɗigon hawaye ma sau da yawa cire ta ake yi, mutum biyu su tura ta da hannu.

Ciyayyar fa? Me zan ci, me zan kai?

Ciyayya ce irin wadda muka sani: kowane gida ya kawo tukunya ɗaya da za ta ishi mutum takwas ko goma, a jera a dogon teburi, kowa ya zo da farantinsa da cokalinsa. Gaskiyar magana, naman alade yana shiga abincinsu fiye da yadda baƙo zai zata. Yana cikin wake, yana cikin ganye, ana barbaɗa soyayyensa a kan dankali da salak. Saboda haka ka tambaya, kuma tambayar ba abin kunya ba ce a wurinsu, don sun saba da masu cewa ba sa cin gyaɗa ko alkama. Da yawa ma suna ajiye 'yar takarda a gaban tukunya mai bayanin abin da ke ciki.

Mu namanmu muke tahowa da shi daga mahautan halal, a cikin kula da ƙanƙara. Wanda zai je taro a kudu maso gabashin Mishigan ya huta, don birnin Dearborn cike yake da su. Maiɗakina takan yi dafa-duka, ni kuma in gasa tsire da ƙuli-ƙuli da yaji. Sai dai a kula sosai: ƙuli-ƙuli gyaɗa ce, kuma akwai mutanen da gyaɗa kan kai su asibiti cikin mintoci. Rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, ka kuma faɗa da baki. Yajin ma ka ware shi gefe. Ba a taɓa dawo mana da ragowa ba.

Salla fa?

Ba wanda ya taɓa hana ni. Nakan shimfiɗa darduma a gefen tirela, alƙibla a yawancin Amurka tana arewa maso gabas ne, waya za ta nuna maka. Ka sauke jadawalin lokuta tun a gida don wasu dazuzzukan babu sabis. A tsakiyar bazarar arewacin ƙasar asuba tana yi tun wajen ƙarfe huɗu, isha kuma ta kai sha ɗaya, duk a cikin lokacin da dokar wurin ta ce a yi shiru, wanda yawanci yake farawa ƙarfe 10 na dare. Sai a sassauta murya, a rufe ƙofar mota a hankali. Ni sai na sallaci Juma'a nake kama hanya, shi ya sa nake zaɓen wurin da bai wuce tafiyar awa uku ba, in isa da sauran haske. Hukuncin ƙasaru kuma ka tambayi malaminku gwargwadon nisan tafiyar. Buta ka taho da taka.

Sau da yawa bayan na sallame wani zai matso cikin ladabi ya yi tambaya. Wasu daga cikin dattawan nan ni ne Musulmin farko da suka taɓa zama suka sha shayi da shi.

Akwai giya da karnuka?

Akwai. Wasu suna sha a bakin wuta, ko da yake wasu wuraren gwamnati sun hana. In aka miƙo maka ka ce ba ka sha, magana ta ƙare. In hirar dare ta fara canja launi, mu mukan yi sai da safe. Karnuka kuwa suna da yawa, amma doka ta ce a riƙe su da igiya. Ka gaya wa mai kare cikin fara'a cewa ba ka so ya taɓa ka ko dardumarka, zai janye shi.

Mu baƙaƙe ne, matata tana sa hijabi. Za mu sake?

Ba zan ɓoye maka ba, a yawancin tarukan mu kaɗai ne baƙaƙe, kuma mafi yawan mahalarta fararen fata ne da suka yi ritaya. Hakan yana da tarihi. A zamanin wariya an hana baƙaƙen Amurka sauka a wurare da yawa, har gandun Shenandoah na jihar Bajiniya ya taɓa ware musu zango daban a Lewis Mountain. Iyalin da kakanninsu suka sha wannan ba su gaji al'adar kwana a daji don nishaɗi ba. Ƙungiyoyi irin su Outdoor Afro, wadda Rue Mapp ta kafa a 2009, suna ƙoƙarin gyara wannan.

A cikin taron kansa alheri muka fi gani nesa ba kusa ba. Kallon da ya taɓa damuna a hanya ne, a wani gidan mai na ƙauye, inda aka bi maiɗakina da ido har muka fita. Shi ya sa nake cewa zuwan farko a yi shi cikin taro, inda mai shiri ya san da zuwanka kuma ana jiran ka, a yi tafiyar da rana, a cika tanki a babban gari.

Banɗaki da wanka?

Yawancin ƙananan tireloli ba su da banɗaki. Wuraren jiha suna da ginin wanka mai ruwan zafi, ɓangaren maza daban na mata daban, kuma ka duba taswira ka kama fili kusa da shi in kuna da yara. Ruwan wanke-wanke ba a zubar da shi a ƙasa, akwai ramin da aka tanada.

Dare yana sanyi. Zan iya kunna murhu a ciki?

Kada ka kuskura. Gawayi, ko murhun girki, ko janareta kusa da taga, duk suna fitar da iskar nan mai kisa da ba ta da wari, wadda muke jin ta hallaka iyali guda a gida in an kwana da janareta a cikin ɗaki. Ɗakin da bai fi tabarma uku ba minti kaɗan zai cika. Sayi na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska, ka gwada batirinta duk tafiya. In filinka na da lantarki, ƙaramar hita ta isa, da bargo mai kauri, a bar 'yar kafa a murfin rufi don numfashi kada ya jiƙa bango. Wutar filayen yawanci mai amfiya 30 ce, soket ɗinta daban yake da na gida, sai ka riƙe mahaɗin da ya dace.

Me ya sa aka hana zuwa da itace daga gida?

Saboda ƙwari. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da Detroit, mai huda itacen ash, kuma ya kashe miliyoyin itatuwa. A cikin itacen wuta yake ɓuya ya yi tafiyar da fukafukinsa ba za su kai shi ba. Sayi itace a wurin ko a ƙauyen da ke kusa, abin da ya rage ka bar shi a can.

Namun daji fa?

Wanda zai dame ka shi ne rakun, wata dabba mai wayon buɗe kula da dare. Sa abinci a mota ka kulle. A yankunan da ke da beya, wata babbar dabbar daji mai haɗari, bi umarnin ma'aikatan wurin sau da ƙafa. Abin da na fi tsoro dai kaska ce, don ƙananan na jihohin arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna suna ɗauke da cutar Lyme. Kowane dare a duba jikin yara, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa. A kuma nuna musu wani ganye mai kunne uku, wanda ake kira poison ivy, da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, su san shi su kauce masa.

Ina so in sayi tsohuwa. Me zan lura da shi?

Taka ko'ina a daɓen, musamman bakin ƙofa da ƙarƙashin tagogi. In ya lotsa, ruwa ya riga ya ci katakon. Sunkuya ka duba ƙarfen ƙasa ko akwai tsatsa mai zurfi ko tsaga. Shaƙi iskar ciki. Tabbatar takardar mallaka tana da sunan mai sayarwa kuma lambarta ta yi daidai da ta jikin tirelar. Duk wanda ya sa hoto mai kyau da araha a intanet, ya ce yana wata jiha, ka tura kuɗi a kawo maka, ɗan damfara ne. Mafi kyawun ciniki a taron ake samunsa, daga dattijon da gwiwa ta hana shi ci gaba, wanda zai ba ka tirelar tare da littafin da ya rubuta duk gyaran da ya yi mata.

Ranar tafiya akwai abin da ake bukata daga gare ni?

Duba lokacin fita a takardar filinka, don wani na iya jiran wurin. Kashe wuta da ruwa har tokar ta taɓu da hannu, tsince shara har murfin kwalba, naɗe wayar lantarki, ɗage ƙafafun tirela, cire waigi bayan ka maƙala ta. Sannan ka zagaya ka yi wa maƙwabtan hagu da dama sallama, ka nemi mai shiri ka yi masa godiya, ka tambaye shi ranar na baɗi don ka sa a kalanda wata 6 kafin nan.